Kurakuran da masu kunna nod ɗin Bitcoin ke ta maimaitawa

Tun da guguwar mainin ɗin waya, wato haƙar kuɗin kirifto da waya, ta lafa, samari da yawa a nan Gusau suka juyo da tambayarsu kan yadda ake kunna cikakken nod, wato kwamfutar da ke bincika kundin Bitcoin da kanta. Abin ya yi mini daɗi da farko. Amma yanzu kiran da nake amsawa iri ɗaya ne: daga Tudun Wada, daga Samaru, har daga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, kowa da kukansa, kuma in ka saurara kukan bai wuce wasu 'yan abubuwa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya sake kira in tura masa.

Mu fara kawar da zaton samun kuɗi, wanda ke jawo rabin mutanen. Nod ba ya biyan ko sisi. Aikinsa shi ne ya sauke kundin Bitcoin tun daga bulok na farko (bulok shi ne ƙunshin mu'amalolin da ake ƙarawa a kundin) na ranar 3 ga Janairu 2009, ya binciki kowace mu'amala da kansa, ya ƙi duk wadda ta saɓa ƙa'ida, ya miƙa ingantattu ga sauran nod. Ladan bulok, wanda ya koma 3.125 BTC tun Afrilun 2024, na masu mainin ne da injinansu na musamman masu cin wuta, ba na kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinka ba. Abin da kake samu shi ne ka daina tambayar wani ko kuɗinka sun shigo. In wannan bai ishe ka dalili ba, ka adana datarka. Wanda kuma ya ce ka tura masa kuɗi zai "kunna maka nod" kana cin riba duk mako, ɗan damfara ne, ba sai ka yi dogon bincike ba.

Sai wuta. A nan ne nake son a tsaya a saurare ni da kyau, don ita ce ta fi cin kuɗina a wannan harka.

Bitcoin Core, manhajar da akasarin mutane ke amfani da ita, ba ta rubuta komai a faifai nan take. Tana riƙe wani ɓangare na lissafinta a cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke gogewa in wuta ta ɗauke, sai lokaci lokaci ta sauke shi a faifai. In wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu, wani lokacin ka tsira da asarar aikin 'yan sa'o'i, wani lokacin kuma ka kunna ka tarar da saƙon nan mai ɓata rai, Corrupted block database detected, tana tambaya ko ta sake gina komai. Nod ɗina na farko a kan kwamfutar tebur yake, an jona ta kai tsaye a bango. Saukewa ta yi nisa sosai, wani dare aka ɗauke wuta, yaran gida suka tada janareta, ya yi tari ya mutu, suka sake tayarwa. Da safe saƙon ke jirana. Abin da ya ƙara zafin ciwon shi ne nod ɗin mai datse tsofaffin bulok ne, wato ya riga ya goge abin da ya gama bincikawa. Babu abin da zai sake ginawa da shi. Dole aka koma 2009, data kuma sabon saye.

Don haka in ka zo mini da maganar nod, tambayata ta farko ita ce me zai riƙe na'urar in an ɗauke wuta. In ka ce "ai unguwarmu ana samun wuta", hira ta ƙare. Ni dai yanzu tsohuwar laftof nake amfani da ita, mai batir mai rai, an jona ta a inbata da ke caji da sola, kuma na saita ta ta kashe kanta cikin tsari in batirinta ya yi ƙasa. Wasu sun fi son 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi don ba ta cin wuta. Gaskiya ne, amma ba ta da batir ko kaɗan, ƙiftawar wuta ɗaya ta ishe ta. In ita ka zaɓa, sai ka haɗa mata UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta. Kada kuma ka manta da rawuta da akwatin faifan da ke da tasa wayar wutar. Na ga wanda ya kare kwamfuta da kyau, ya bar faifan a soket ɗin bango, wuta ta tafi, kwamfutar na nan a kunne tana rubutu a faifan da ya riga ya mutu.

Kashewa ma da ƙa'idarta. Ka rufe manhajar, ko ka rubuta bitcoin-cli stop, sannan ka jira. Akwai 'yar taga da ke fitowa tana roƙonka kada ka kashe kwamfutar sai ta ɓace. Mutane na ganinta, suna karantawa, su danne maɓallin wuta saboda an kira sallah ko mai babur na jira a ƙofa. Haba jama'a. Minti nawa ne?

Na biyu a tsada ita ce data, kuma a nan rashin fahimta ɗaya ce ke kashe mutane. Kundin ya haura gigabait 600, yana kuma ƙaruwa da kimanin bulok 144 a kowace rana. Sai yaro ya ji an ce in ka sa prune=550 a fayil ɗin bitcoin.conf, nod ba zai ci fiye da gigabait 20 a faifai ba, ya ɗauka gigabait 20 ɗin kawai zai sauke. Wani ƙanin abokina haka ya yi. Ya sayi data ta wata guda, ya kunna da daddare, kafin azahar ya kira ni: "Yaya, data ta ƙare, abin kuma yana nuna 2015." Na ce masa ai ko rabin rabi bai yi ba, don bulok ɗin shekarun farko kusan wofi ne, nauyin yana gaba. Datsewa wurin ajiya take rage maka. Saukewa kuwa sai ka sauke duka, ka bincika, sannan a goge.

Abin da nake yi wa mutane shi ne su zo da SSD ɗinsu, wato faifai mai sauri marar juyawa, in kwafa musu folda mai suna blocks, inda kundin yake, gaba ɗayanta, su koma gida su kunna manhajar da umarnin sake gina lissafi, -reindex. Kwamfutarsu ce za ta bi bulok ɗin ɗaya bayan ɗaya ta gina nata lissafin, don haka ko da na so cutarsu ba zan iya cusa musu ƙarya ba. Abin da ba na yarda in ba kowa shi ne folda ta chainstate, inda nod ke ajiye lissafin da ya riga ya gina. Kullum sai an roƙa, don tana rage kwanakin jira. To amma in ka karɓi wannan, ka karɓi lissafina ne ba tare da ka duba ba, kamar wanda ya sayi buhun gero a kasuwa ya ce ba sai an auna ba tunda mai shi yana da fara'a. In haka za ka yi, me ya kai ka wahalar nod tun farko? Akwai masu ganin na cika tsanani a nan. Su ba da nasu.

Bayan an gama saukewa ma data ba ta daina tafiya. Nod na karɓar mu'amaloli yana yaɗawa, kuma in marar datsewa ne, ƙofar da wasu nod ke shigo masa ta intanet kuma a buɗe take, sababbin nod daga ko'ina a duniya za su riƙa jan tsofaffin bulok daga wurinka. Ka sa maxuploadtarget a bitcoin.conf ka ƙayyade datar da za ta fita a rana. In aljihu ya yi zafi sosai, blocksonly=1 na rage ci ƙwarai, sai dai ba za ka ga kuɗin da aka turo maka ba sai sun shiga bulok.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo.

Faifai mai juyawa na tsohon yayi zai iya kai ka makonni kana jira, SSD za ka nema, kuma in nod marar datsewa kake so, terabait 1 ya fara matsewa, ka nemi 2. Ka gwada shi kafin ka bar shagon, don akwai na jabu masu rubuta girman da ba su da shi. Katin memori da filas kuwa kada ma ka fara.

Zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, yana sa kwamfuta rage gudu ko ta mutu. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko ka kulle ta a durowa. In hunturu ya wuce ka buɗe ta ka hure ƙurar fanka.

Agogo. Tsofaffin kwamfutocin da muke saye sau da yawa ɗan batirin agogonsu ya mutu, sai ka kunna ka ga shekarar da ta wuce tuni. Nod ba ya karɓar bulok ɗin da lokacinsa ya zarce agogonsa da fiye da awa 2, don haka sai ya tsaya cak kana zagin kamfanin layi. Batirin bai fi kuɗin shayi da burodi ba.

Manhajar kuma daga bitcoincore.org ake ɗauko ta, a gwada ta da fayil ɗin SHA256SUMS da sa hannun masu gina ta, don a tabbatar ba jabu ba ce. Ba daga guruf ɗin Telegram ba, ba kuma ta Xender daga wayar aboki ba.

Akwai masu kwana uku suna kokawa da rawuta don su buɗe ƙofa ta 8333, wadda wasu nod ke shigowa ta cikinta, alhali layin waya ko MiFi suke amfani da shi. Kamfanonin layi kan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshin intanet ɗaya, haka ma Starlink a tsarinsa na gida, don haka duk saitin da ka yi babu mai iya shigowa daga waje. Wannan bai rage wa nod ɗinka cika ba. Da kansa yake neman abokan hulɗa 10, kuma yana bincika komai yadda ya kamata. In kana son a riƙa shigowa, ka bi ta Tor, tsarin da ke ɓoye adireshinka na intanet, wanda ni ma shi nake bi, don ba na son a san daga wane gida nod ke magana. A yanayin da jiharmu ke ciki, tallata cewa kana harkar kirifto ba wayo ba ne, kuma wannan ya haɗa da ɗora hoton na'urarka a Facebook. Ƙofa ta 8332 kuwa ta ba da umarni ce ga nod da walet ɗin da ke cikinsa. Wanda ya buɗe ta ga intanet ya nemi abin da zai same shi.

Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne mutum ya sha duk wannan wahala, nod na aiki lafiya, amma walet ɗinsa na waya, wato manhajar ajiyar kuɗinsa, na nan yana tambayar kwamfutocin wasu can. To wa nod ɗin ke yi wa aiki? Ka haɗa walet irin Sparrow da shi, ya zama shi ke gaya maka abin da ka mallaka. Ka kuma sani cewa nod mai datsewa ba zai iya binciko tarihin tsohon walet ba, tunda ya goge bulok ɗin da tarihin ke ciki. In tsohon walet za ka kawo, ka shigar da shi kafin a fara saukewa. Masu ajiye kuɗi a walet ɗin Bitcoin Core kansa su lura ba ya ba da kalmomi 12 ɗin da aka saba, fayil ne mai suna wallet.dat, a sa masa kalmar sirri a kwafe shi a wani wuri daban. Ni ba na barin kuɗi mai yawa a na'urar da ke kan intanet dare da rana.

Wasu kuma na tsoron kashe nod ko na yini ɗaya, wai zai lalace ko a cire su. Babu mai cire ka. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, duk nod ɗin da ya dogara da layin waya ya yi makonni shiru. Irin wannan nod, da layi ya dawo, daga inda ya tsaya yake ci gaba har ya kamo sauran. Ka dai bar shi ya gama kamowa kafin ka yarda da abin da yake nuna maka.

Sabuntawa ce kaɗai ba zai yi da kansa ba, kuma da gangan aka gina shi haka, don kada wani ya iya canza maka ƙa'ida kana barci. A Satumban 2018 an gano wata ɓaraka da za ta iya ba mai mainin damar ƙirƙiro kuɗin da babu su, aka toshe ta a siga ta 0.16.3, amma sai wanda ya tashi ya sabunta da hannunsa ya samu gyaran. Ni nakan bar sabuwar siga ta yi 'yan makonni a hannun mutane tukuna, sai dai in gyaran tsaro ne, wannan a ranar nake yi. Kafin ka taɓa komai ka kwafe wallet.dat, ka kashe nod cikin tsari, ka kuma tabbatar batirin inbata a cike yake.