Sayen deraye na baya mai sauƙin kuɗi ga keken VTT

Gyaran keke nake yi a Damagaram, kuma yawancin masu turo mini VTT, wato keken giya na hanyar ƙasa da duwatsu, suna cewa giya ta ƙi shiga, tun a hanya sun riga sun yanke cewa deraye ne ya mutu. Deraye shi ne ƙarfen nan mai ƴan tayoyi biyu da ke rataye a ƙafar baya, yana ɗauke sarƙa daga wannan faranti mai haƙora zuwa wancan. Kafin ka nufi kasuwar Dole da kuɗinka, tsuguna a bayan keken ka dubi kunnen da aka ɗaura derayen a jikinsa. Keken da ya taɓa faɗuwa ta dama, ko aka danne shi da buhuna a saman mota, kunnensa kan lanƙwashe ciki, sai ka ga ƴan tayoyin ba su tsaya sak a ƙarƙashin farantin ba. A miƙe kunnen ko a sauya shi, in ba haka ba ko sabon deraye ka sa ciwon yana nan. Wayar giya mai tsatsa ko wadda rairayi ya cika bututunta ita ma haka take yi.

In ka tabbata derayen ne, ƙirga farantan baya, sannan ka karanta sunan da ke kan madannin giya na hannu. Nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta. Kowane madanni yana da iyakar wayar da yake ja a dannawa ɗaya, kuma dole derayen ya zama wanda aka ƙera don wannan jan. A kayan Shimano na VTT, derayen masu faranti 6, 7, 8 da 9 lissafin jansu ɗaya ne, suna aiki da madannan juna. Daga 10 zuwa sama lissafin ya sauya. Derayen SRAM irin su X3 da X4 kuwa ba sa shiri da madannin Shimano.

Wani yaro ya taɓa kawo mini derayen Shimano samfurin Deore na faranti 10 da wansa ya aiko masa daga Kano, keken kuma mai 7 ne. Ya ce, "Baba, ai wannan ya fi tsada." Na ce, "Ɗana, ya fi tsada kuma ya fi kyau, amma ba na kekenka ba ne." Na ɗaura masa ya gani da idonsa: in giya ta shiga ta biyu, sai ta ƙi shiga ta huɗu.

Ga mai faranti 6 ko 7 da aljihunsa bai da nauyi, derayen Shimano Tourney TY300 ya isa zuwa makaranta da kasuwa. Iri biyu ake yin sa: mai shiga kunne kai tsaye da kusa ɗaya, da mai ƙugiya wanda ake maƙalawa a ƙarfen tsakiyar taya saboda kekunan da ba su da kunne. Dubi naka tukuna. Amma in kana bin hanyar ƙasa zuwa ƙauyukan wajen Mirya, ko kana hawa tsakanin duwatsun Birni, ni Altus M310 nake ba mutum shawara, na faranti 7 ko 8. Ya fi riƙe saiti, kuma bambancin kuɗin bai kai wahalar dawowa wurina kowane mako ba. Mai faranti 9 ya nemi Alivio.

Sai tsawon ƙafar derayen, wadda ke kwashe rarar sarƙa. Cire adadin haƙoran ƙaramin farantin gaba daga na babba, ka yi haka a baya, ka haɗa. Misali gaba 42 da 24, saura 18, baya 34 da 11, saura 23, jimla 41. Altus M310 yana ɗaukar har 43, babban farantin baya kuma kada ya wuce haƙori 34. Mai faranti uku a gaba, doguwar ƙafa zai saya.

Jabu ya yi yawa, kuma abin yana damuna, don talaka yake cuta. Juya derayen ka nemi lambar samfurinsa a bayan jiki, ka karanta sunan harafi bayan harafi. Na gwanjo na asali ya fi mini sabon jabu sau da yawa. Riƙe shi ka girgiza ƙafar gefe da gefe. In tana kaɗawa, gaɓoɓin sun cinye. Tura shi ciki ka saki, ya dawo da ƙarfi. Haƙoran ƴan tayoyin in sun yi tsini, rairayi ya gama da su.

Bayan an ɗaura, kusar da aka rubuta L a kanta ita ce ke hana sarƙa faɗawa cikin wayoyin taya. A saita ta kafin ka hau. Kada ka zuba masa baƙin man inji, musamman da hunturu, ƙura yake tarawa ta ci haƙoran. Wanke ƴan tayoyin da kananzir, ɗiga mai kaɗan a gaɓoɓi, ka goge rarar da tsumma.