Yadda ake tara sabbin takardun naira da tsofaffinsu domin adana tarihi

Tun daga ranar 15 ga Disamba 2022, da Babban Bankin Najeriya ya fara sakin takardun naira 200 da 500 da 1000 waɗanda aka sauya wa fasali, mai sha'awar tara kuɗin takarda ya samu damar da ba kasafai ake samu ba, domin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da yawo tare da sababbin. Wannan ne lokacin da ya dace a haɗa kowace takarda da 'yar uwarta, tun kafin tsofaffin su ƙare a hannun jama'a.

Mataki na farko shi ne ka san abin da ya canza. Hotunan mutanen suna nan yadda suke: Sardauna Ahmadu Bello a kan 200, Nnamdi Azikiwe a kan 500, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Bankin, a kan 1000. Launi ne ya fi sauyawa, inda 200 ta koma ja, 500 ta zama koriya, 1000 kuma shuɗiya. Ba wannan ne karo na farko ba, don a 1984 ma an sauya launukan naira.

Na biyu, ka nemi takardar ta hanyar da doka ta yarda, wato daga banki ko cikin hada-hadar yau da kullum. Dokar Babban Bankin ta 2007 ta haramta sayar da takardun naira kamar haja, da yin liƙi da su, da rubutu a kansu, saboda haka ka guji masu tallan sababbin kuɗi a ƙofar gidajen biki. Idan ka karɓa, ka zaɓi wadda take sabuwa fil, ba ninki, ba ramin ƙusar sitefula, kusurwoyinta huɗu a tsaye.

Na uku, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin, ka zauna ka karanta takardar da kyau. Ka ɗaga ta ga haske don ganin ɓoyayyen hoton da zaren tsaro, sannan ka duba shekarar bugu, da haruffan da ke gaban lambarta, da sa hannun gwamnan banki. Takardu biyu na iya zama iri ɗaya a idon mai cefane, amma ɗaya na ɗauke da sa hannun Sanusi Lamido Sanusi, ɗaya kuma na Godwin Emefiele, kuma wajen mai tarawa waɗannan abubuwa biyu ne daban. Ka lura da rubutun ajami musamman. An cire shi daga ƙananan takardu a 2007, aka kuma cire shi a 2014 daga naira 100 ta tunawa da cikar shekara ɗari da haɗe ƙasar, amma har yanzu yana kan manyan takardun nan uku. Duk wanda ya riƙe tsohuwar naira ashirin mai hoton Murtala Muhammad da ajaminta, ya ajiye ta gefen ta leda da ta gaje ta, zai ga tarihin wannan sauyi a tafin hannunsa.

Na huɗu, ka buɗe littafi ka rubuta waɗannan bayanai duka, har da ranar da takardar ta shigo hannunka.

Na biyar shi ne adanawa, kuma nan ne da yawa ke asarar wahalarsu. Kada ka goge takarda da dutsen guga, kada ka wanke ta, kada ka ɗaure ta da roba, kada kuma ka kai ta a manne ta cikin leda da zafi irin yadda ake yi wa takardar shaida, domin hakan na kashe darajarta har abada. Ka sanya kowace a jakarta mai garai-garai wadda aka yi don wannan aiki, ka shimfiɗa ta cikin kundi, ka ajiye nesa da rana da danshin damina da gara. Takardun leda, wato na naira 5 zuwa 50, sun fi saurin koɗewa da lanƙwashewa a zafi, don haka su ne za ka fara dubawa idan bazara ta kama.