Yadda za ka gama gudun kilomita 21 ba ka zube a hanya ba

Ni tela ne, aikina zama kan keke daga safe har magariba. Ina da shekara arba'in da ɗaya likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Daga nan na fara sassarfa bayan sallar asuba, har ta kai ni ga shiga rabin gudun famfalaƙi a Kaduna, cikin watan Nuwamba. Cikakken gudun yada ƙanin wani kilomita 42 ne da mita 195, rabinsa kuwa 21 da 'yar ɗoriya ta kusan mita ɗari. Na gama cikin awa biyu da minti ashirin da shida. Gwanayen Kenya da Habasha suna yin sa ƙasa da awa guda, amma ba da su nake ba, da kai nake, mai tumbi irin nawa.

Ka ba kanka wata uku, in dai kana iya kilomita biyar ba tsayawa. In ba ka iyawa, fara da wannan tukuna. Ni kwana uku nake fita a mako. Talata da Alhamis gajeren gudu, kilomita biyar zuwa bakwai, ranar Asabar kuma dogo. Dogon shi ne ƙashin bayan aikin. Na fara da takwas, ina ƙara ɗaya ko biyu duk mako, mako na huɗu in ja baya jiki ya huta, har na kai sha takwas saura mako biyu gasa. Ban taɓa yin 21 ɗin a atisaye ba, kuma ba dole ba ne.

Ga inda mutane ke ɓata rawarsu da tsalle: suna yin dogon gudun da ƙarfi. A'a, yi shi a hankali, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba ka haki. Za ka ji kamar wasa kake. Yaran unguwarmu har tsokanata suke yi, "Baba, wannan gudu ne ko tafiya?" Na kyale su. A wannan jan ƙafar ne zuciya da jijiyoyi suke sabawa da daɗewa a kan hanya. Kuma ka fita da wuri, kafin rana ta ɗaga da 'yan adaidaita sahu su cika titi. Ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, kada ka ba su baya.

Takalmi na gwanjo na saya, kuma ya yi mini. Abin dubawa shi ne tafinsa bai cinye ba, sannan akwai sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, don ƙafa tana kumbura in gudu ya yi nisa. Kada ka kuskura ka sa sabo fil ranar gasa. Ni dogon wando nake sawa, mara nauyi, saboda ba na son fita da gwiwa a waje. Sai dai wandon ya koya mini darasi a makon da na fara haura kilomita sha biyu: cinyoyina suka saɓule, ruwan wanka ya zama azaba. Maganin abin basilin ne. Shafa a matsematsi, da hammata, da kan nono, kada ka ji kunya. Na ga ƙato da jini layi biyu a gaban riga.

Saura kwana goma ka rage gudu sosai. Ƙafafu za su riƙa yi maka ƙaiƙayi, ka daure. Daren gasa ka ci abin da cikinka ya sani, shinkafa da miya ba yaji sosai, ka jera kayanka, ka maƙala lambarka a riga tun da dare. Da safe shayi da burodi, awa biyu kafin a tashi. Koko da ƙosai kuwa, na gwada su wata Asabar, a kilomita na shida sai ga ni ina neman bayan gidan masallaci. Tun daga ranar na bar su sai bayan gudu.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Da aka busa usur, jama'a suka kwasa kamar an saki awaki, ga kiɗa, ga ihu, ga sanyin safiya yana ruɗin jiki. Niyyata minti bakwai kowace kilomita. Da na duba agogo a alamar farko sai na ga biyar da arba'in, kuma wallahi ban ji komai ba. Wani dattijo da ke gefena, siriri, da hular sanyi, ya dube ni ya ce, "Malam, ina za ka? Hanyar da sauranta." Na ji kunya na sassauta. Ɗaruruwa suka wuce ni, har da yara 'yan makaranta, raina yana sosuwa. Daga kilomita sha uku na fara tsintar su ɗaya bayan ɗaya, wasu suna tafiya riƙe da ƙugu, wasu zaune a bakin kwalbati sun cire takalmi. Don haka kilomita biyar na farko ka yi su ƙasa da abin da jikinka ke nema, ko da kowa zai bar ka a baya.

Ruwa kuwa kurɓa biyu ko uku a kowane teburi, ba sai ƙishi ya kama ka ba, kada kuma ka cika ciki ya riƙa ƙugi. Na sa dabino biyar a aljihu, na cire ƙwallayen tun a gida, ina cin ɗaya duk bayan kilomita huɗu daga ta takwas. Sukarin da jiki ya tara yakan fara ƙarewa wajen awa ɗaya da rabi na gudu, kuma irinmu a lokacin muna da sauran tafiya.

Daga sha bakwai abin ya daina daɗi. Naman bayan ƙwaurina na dama ya fara tsuke, na taka a hankali minti ɗaya, na miƙe shi a jikin turken fitila, na ci gaba. Tafiya ba abin kunya ba ce. Amma jiri, ko ciwon ƙirji, ko ka ji gumi ya ɗauke alhali jiki ya yi zafi, wannan ka tsaya ka nemi masu agaji, babu lambar da ta kai ranka. Ni da turakun lantarki na ƙarasa, in kai wannan sai in ce saura wancan.

In ka tsallake layi kada ka zube nan take. Taka na minti goma, sha ruwan gishiri da sukari, ka ci ayaba. Kuma kada ka ɗauki alkawarin ɗinki na washegari kamar yadda na yi. Kwana biyu ina sallah a zaune, keken ɗinki kuwa yarona ne ya taka shi har Laraba.