Daga Aikin Dare Zuwa Aikin da Ka Iya: 'Yar Shawara ga Sababbin Zuwa

Wata bakwai na yi ina lodin kwalaye a wani katafaren sito a Ingila, daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, alhali shekara tara na yi ina aikin akanta kafin in baro gida. A layinmu akwai wani dattijo mai yawan fara'a da muke kira Baba Injiniya, don injiniyan ne na gaske, da takardunsa. Wata rana muna hutun rabin awa ya ce mini, "Ɗana, da na shigo nan cewa na yi wata uku zan yi in kama gabana." Na tambaye shi yanzu wata nawa ke nan. Ya yi dariya ya ɗaga yatsu shida. Ba watanni yake nufi ba.

Ban raina aikin sito ba, kada ma wani ya raina. Kuɗin haya ba ya jiran kowa, kuma da babu gara ba daɗi. Duk aikin halal da ya samu a watannin farko, ka kama. Abin tsoron shi ne gajiya. Ka dawo da asuba jiki duk ya yi tsami, ka yi barci, ka tashi ka koma. Albashi yana shigowa, ana ɗan aikawa gida, sai neman wani aikin ya zama "gobe". Don haka ranar da ka fara, ka yanka wa kanka wa'adi, ka kuma ware awanni biyu ko uku a mako waɗanda ko kana layi don barci ba za ka taɓa su ba. Na neman aikin gaba ne.

Kafin komai ka san abin da bizarka ta yarje maka. Ɗalibin digiri a Ingila awa 20 ne iyakarsa a mako lokacin karatu. Kanada ta mayar da nata awa 24 a ƙarshen 2024. A Jamus lissafin kwanaki ake yi, cikakkun kwanaki 140 a shekara ko rabi-rabi 280. A Amurka kuwa, mai bizar karatu cikin makaranta aka ba shi damar aiki da farko, na waje sai da izini na musamman. Dokokin nan suna sauyawa, saboda haka shafin hukuma za ka duba, ba abin da wani ya tura a zauren WhatsApp ba. Wani zai zo ya raɗa maka cewa akwai inda ake biya a hannu, ba takarda ba haraji. Ranar da aka hana ka kuɗinka ba ka da inda za ka kai ƙara, ranar da aka kama kuwa kai za a sa a jirgi, ba mai gidan ba.

Sai batun takardun karatu, inda mutanenmu suka fi asarar lokaci. Sana'o'i iri biyu ne. Akwai masu lasisi, irin su likitanci, jinya, haɗa magunguna, lauyanci, da koyarwa a makarantun gwamnati a wurare da yawa. Waɗannan sai hukumar sana'ar ta yi maka rajista. Likitan da ya zo Ingila yawanci ta jarrabawar PLAB yake bi, nas kuma ta yi ta kwamfuta sannan ta yi ta gwaji a aikace, bayan ta ci ta Turanci, IELTS ko OET. A Amurka da Kanada nas jarrabawar NCLEX take rubutawa. Sauran sana'o'in, irin su harkar kwamfuta, ciniki, gudanarwa da jigilar kaya, ba sa buƙatar lasisi. Abin da mai ɗaukar aiki yake so kawai ya fahimci matsayin digirinka. Wannan shi ne aikin cibiyoyin tantance takardun karatu, irin su WES a Kanada da Amurka, da UK ENIC a Ingila, da ZAB a Jamus. Ka fara da wuri, domin sau da yawa sai jami'arka da kanta ta aiko da sakamakonka kai tsaye, kuma kowa ya san yadda takarda take kwana a kan tebur idan ba mai bin sawunta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni wahala, ni da kaina. Na tura takardar bayanin kaina, wato CV, wurare fiye da sittin, iri ɗaya sak, shafi huɗu. Ko amsar "mun gode" ban cika samu ba. Sai na je wani zama da ake yi wa masu neman aiki kyauta a laburaren unguwa. Matar da ta karɓe ni ta ɗauki jan biro ta soke rabin shafin farko gaba ɗaya: hoto, ranar haihuwa, addini, jihar asali, aure da yawan 'ya'ya, har makarantar firamare. Ta ce a nan ba a sa su, wasu ma'aikatu ma ba sa son ganinsu don gudun zargin wariya. Haka yake a Amurka da Kanada; a Jamus ne har yanzu mutane da yawa suke manna hoto, duk da ba dole ba ne. Daga nan ta ɗora yatsa a kan wani layi da na rubuta cewa ni ke da alhakin kula da asusu, ta ce, "To, ka kula da shi sai me ya faru?" Na yi shiru. Can na ce ai na gano ana biyan wasu 'yan kwangila sau biyu, na toshe ƙofar. Ta ajiye biron ta dube ni. "Shi ne ka ɓoye wannan ka sa mini sunan firamare?"

Shafi biyu ya isa. Kowane aiki kuma da irin CV ɗinsa: ka karanta tallar aikin da kyau, kalmomin da suka yi ta nanatawa ka yi amfani da su wajen bayyana abin da ka taɓa yi da gaske, domin manyan kamfanoni da manhaja suke tace takardu, kuma wanda zai karanta ba ya daɗewa a kan kowace. Goma da aka gyara a tsanake sun fi ɗari da aka watsa kamar shuka a iska.

An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne a zaman duniya. Amma a ɗakin intabiyu wannan tarbiyyar ce take kayar da mu. A intabiyuna na farko duk tambayar da aka yi mini sai in ce "mun yi", "Allah ya taimake mu muka gama". Ɗaya daga cikinsu ya katse ni cikin ladabi ya ce, "Mun ji abin da ofishinku ya yi. Kai fa?" Faɗin abin da ka aikata ba alfahari ba ne, shaida ce, kuma ba wanda zai bayar da ita a ɗakin in ba kai ba. Ka tanadi labarai biyar ko shida daga aikinka na baya, kowanne da tsarinsa: ga halin da aka shiga, ga abin da aka ɗora mini, ga abin da na yi, ga yadda ta ƙare. Ɗaya ya zama na saɓani da abokin aiki, ɗaya na kuskuren da ka yi ka gyara, don da wuya su ƙi tambaya. Ka faɗe su da ƙarfi a gaban madubi har bakinka ya saba. Ka kalli mutum a ido. Sunkuyar da kai da muke yi don girmamawa, su rashin tabbas suke karantawa a ciki. In an ce kana da tambaya, kada ka ce babu.

Mafi yawan ayyuka ta bakin mutane ake jin su. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna tun 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa daga waɗanda ka sani sama-sama, ba daga aminai ba. Dalilin a fili yake: abin da amininka ya sani kai ma ka sani. Idan duk abokanka 'yan gida ne kuma duk sito ɗaya kuke, labarin sito kawai zai riƙa yawo a tsakaninku. Ka riƙe 'yan'uwa, su ne gatanka ranar ciwo, amma ka faɗaɗa gaisuwa: iyayen abokan 'ya'yanka, maƙwabci, tsohon ɗan ajinku da ke wani gari, masu sana'arka a LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata. Kuma kada ka buɗe baki da "a taimaka mini da aiki", nauyi ne ka ɗora wa mutum, zai zille. Ka ce kana son minti goma sha biyar ka ji yadda ya shiga wannan fanni da abin da ake dubawa. Mutane suna son ba da labarin kansu, ko'ina a duniya.

Za ka yi ta jin "ba ka da gogewar aiki a ƙasar nan". Abin yana da ciwo, har hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta lardin Ontario a Kanada ta bayyana a 2013 cewa gindaya shi a matsayin sharaɗi wariya ne, in ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Amma kai kana buƙatar hanyar kewayewa yau. Aikin wucin gadi na wata uku ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata, ko aikin sa kai a wata ƙungiyar agaji in bizarka ta yarda, suna ba ka abu biyu: layi ɗaya a CV da adireshin ƙasar, da mutumin da za a buga wa waya ya ce ya san aikinka.

Game da sauya sana'a kuwa, kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauka daga sifili zai fara. Malamar da ta riƙe aji mai yara sittin ta iya tsara lokaci, ta iya bayani, ta iya lallashin fusatattun iyaye. Ofisoshin horar da ma'aikata da na hulɗa da jama'a abin da suke saya ke nan. Dabarar ita ce kada ka sauya komai lokaci guda. Ko ka riƙe irin aikinka ka sauya fanni, ko ka zauna a fannin ka sauya irin aikin, sannan daga baya ka ƙara taku. Kafin ka biya kuɗin kowane kwas, ka tara tallar aiki ashirin na abin da kake hari ka ga wace shaida suke ambata. Idan ba ko ɗaya da ya ambaci satifiket ɗin da ake tallata maka da alkawarin zama gwanin kwamfuta cikin mako shida, ka riƙe kuɗinka. Ka duba koyon sana'a da ake biyan mai koyo: a Jamus shekara biyu zuwa uku da rabi yake ɗauka, a Ingila kuma ba a ƙayyade yawan shekarun mai shiga ba, sai dai akwai sharuɗɗan zama a ƙasa.

Idan kamfani ne ya ɗauki nauyin bizarka, kada ka ajiye aiki sai sabon tayi ya zo a rubuce kuma an daidaita takardu. A Ingila da Amurka yawanci kwana 60 ne kacal tsakaninka da barin ƙasa idan aikin ya yanke. Duk wanda ya ce ka biya shi ya ba ka aiki ko takardar ɗaukar nauyi, ka yi nesa da shi. Dokar Ingila ta 1973 ta hana kamfanonin samar da aiki karɓar kuɗi daga mai nema, kuma 'yan'uwa da yawa sun sayar da kadara sun iso suka tarar ba aikin. Masu zuwa Saudiyya da Dubai su sani doka ba ta ba mai gida ikon riƙe fasfonsu ba.

Ni dai ban koma akanta ba. Wata mai kula da ma'aikatan rana, wadda gaisuwa kawai ke haɗa mu a bakin ƙofa lokacin canjin aiki, ita ta ce mini ofishin ƙididdigar kaya na sama yana neman mutum. A intabiyun na ce musu na san lissafi, na kuma san dalilin da ya sa adadin da ke kwamfuta ba ya dacewa da abin da ke kan kanta, don da hannuna na yi wata bakwai ina ɗaga kwalayen. A daren ƙarshe da na je sallama, Baba Injiniya ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, "Ɗana, turo mini takardar nan taka mai shafi biyu in ga yadda aka tsara ta." Tun ina cikin bas na tura masa.