Yadda zaka gano ɗan malam buɗe littafi mai kai biyu a kurmi, har ka ɗau hotonsa

Wannan ɗan ƙaramin malam buɗe littafin da masana ke kira Hypolycaena hatita a kurmi yake zama, inda ruwan sama ke yawa. Akwai shi a dazukan kudancin Najeriya irin na Kuros Riba, da Kamaru da Gana, in kana Kumasi ma ai ka huta, ga dajin Bobiri nan kusa da ƙauyen Kubease kan hanyar Akara, wajen da ake da malam buɗe littafi kusan iri 400.

Kar ka yi sammako, ɓata lokaci ne. Bari hantsi ya yi raɓa ta bushe, sai ka bi ƴar hanyar cikin dajin kana duba inda rana ta ratso ta sauka kan ganye, nan suke son zama, musamman mazan. Ƙarami ne fa, wajen santimita 3 in ya buɗe fiffike, shi yasa mai sauri sai ya wuce goma bai ga ko ɗaya ba.

In ka ganshi to bayansa zaka fara kallo. A ƙarshen fiffiken baya akwai farare dogayen jela siri-siri da ɗan ɗigo kamar ido, kuma in ya zauna sai ya riƙa goga fukafukan bayan nan a hankali jelar na motsi, wallahi sai ka rantse nan ne kan. Tsuntsu ko ƙadangare ko gizo-gizo in ya kawo hari can yake cafka, shi kuma gogan ya tashi ta ɗaya ɓangaren abinsa. In ka ga wanda bayansa ya yage kar ka raina shi, wataƙila irin wannan harin ya tsallake, ni ma nafi son hoton irin wannan.

Wajen ɗaukar hoto ka matso ta gefe a durƙushe, kar inuwarka ta faɗa kansa, ka kashe filasha, sannan ka danna sikirin ɗin waya daidai idonsa na gaske don ita ma kyamarar jelar take bi. Ɗauki da yawa kawai, daga baya ka goge.

Dan Allah kar ka kama shi da hannu, garin da ke fiffikensa gogewa yake. Ka sa dogon wando da takalmi sawu ciki, cinnakun kurmi basa wasa.