Ladabin Baƙunta a Ƙasar Japan

Wanda zai je Japan karon farko, abin da ya kamata ya fara riƙewa shi ne mutanen ƙasar ba sa son a takura wa na kusa, kuma yawancin ƙa'idodinsu daga nan suka samo tushe. Jirgin ƙasa a Tokiyo yakan cika maƙil da safe, amma da wuya ka ji wani yana amsa waya, don haka ka kashe ƙarar wayarka, idan kuma magana ta zama dole ka yi ta ƙasa-ƙasa.

Tuɓe takalmi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, sai dai a can abin yana da matakai. Daga shiga ƙofar gida akwai ɗan fili da ake kira genkan, a nan za ka tuɓe takalminka ka juya shi ya fuskanci waje, sannan ka hau dandamalin gidan ka sa silifas ɗin da aka ajiye wa baƙi. Idan ɗakin da aka kai ka shimfiɗe yake da tatami, wato tabarmarsu ta gargajiya, silifas ɗin ma sai ka cire. Banɗaki yana da nasa silifas daban, kuma babu abin da ya fi ba baƙo kunya kamar ya manta ya shigo da su falo.

Wajen cin abinci, kada ka kafa sandunan nan biyu da suke cin abinci da su a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa wani loma daga sanda zuwa sanda, domin duka biyun suna tuna musu da jana'iza. Na biyun ya yi kama da yadda dangi ke tsince ƙasusuwan mamaci da sanduna bayan an ƙone gawa. Ba a ba ma'aikaci tukuici, idan ka bar canji a tebur yana iya biyo ka da shi har titi.

Musulmi kuwa sai ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin romon taliyar ramen mai suna tonkotsu da ƙashin alade ake dafa shi, mirin kuma, wani ruwan ɗanɗano da ake zubawa a miya, yana da giya a ciki. Akwai ɗakunan salla a filayen jiragen sama na Narita da Haneda, ga masallacin birnin Kobe da aka buɗe tun 1935.

Kwandunan shara sun yi ƙaranci tun bayan harin gubar sarin da aka kai a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a 1995, saboda haka ka riƙe 'yar leda a jaka, ka tara shararka har ka koma masauki.