Yadda Ake Tabbatar da RNA Mai Zobe da Furotin ɗinsa a Ƙwayar Sankara

Ɗalibin da ya ɗauki batun RNA mai zobe a Kumasi, ko a cibiyar bincike ta KCCR yake ko a jami'ar KNUST, tambaya biyu ce a gabansa. Abin da ya gani zobe ne na gaske? In zobe ne, yana haɗa furotin ko yana zaune kurum? A ta biyun aka fi yin tuntuɓe.

RNA da aka saba da shi kamar igiya yake, da hula a kai da jela a ƙarshe, kuma hular ce ribosom, wato injin haɗa furotin na ƙwaya, ke kamawa ya fara karatu. Mai zobe kuwa, lokacin yanka da haɗi a cibiyar ƙwaya, ƙarshen wani yanki ne ke juyowa baya ya manne da farkonsa, kamar awarwaro. Ba hula, ba jela. Wurin da suka manne, wato mahaɗa, ba a samunsa a jere haka a DNA, ba a samunsa a RNA miƙaƙƙe. Duk hujjarka a mahaɗar nan take.

To ta ina ribosom zai shiga abin da ba shi da ƙofa? Hanya biyu aka fi sani. Ɗaya ita ce IRES, wani ninki a jikin RNA da ke janyo ribosom ya sauka a tsakiya. Tun 1995 Chen da Sarnow suka nuna haka da zoben da aka ƙera. Ɗayar ita ce alamar sinadari ta m6A a jikin RNA, wadda furotin YTHDF3 ke ganewa ya kira eIF4G2 mai taimaka wa ribosom fara karatu, kamar yadda aka nuna a 2017. A sankara abin ba gefe ɗaya ya karkata ba. Zoben FBXW7 yana ba da furotin mai amino asid 185 da ke rage ƙarfin c-Myc, furotin mai ingiza yaɗuwar ƙwaya, a sankarar ƙwaƙwalwa, wato birki ne. Zoben beta-katenin kuwa yana ba da mai 370, wanda ke tare GSK3β, furotin da ke sa a rushe beta-katenin, sai cikakken beta-katenin ya taru, sankarar hanta ta samu ƙarfi. Wannan na biyu ya fi shafarmu, ganin yadda ciwon hanta nau'in B ya yi katutu a Gana.

Bayan izinin kwamitin ɗa'a, ka ɗauki tsokar ƙari da lafiyayyar da ke kusa da ita daga majiyyaci ɗaya. Ka jefa su cikin RNAlater, ruwan adana RNA, nan take. Kada ka dogara da firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili ita kaɗai: an ce zobe na da juriya, gaskiya ne, amma in dumso, wato ɗaukewar wuta, ya narkar da samfur sau biyu, ƙaramin yanka ɗaya ya isa ya mai da shi igiya. Wajen ciro RNA, ka sa TRIzol mililita 1 ga tsoka miligiram 50 zuwa 100. Ma'aunin tsabtar RNA, wato 260 bisa 280, ya tsaya kusa da 2.0, sannan ka kawar da ragowar DNA da sinadarin DNase.

Raba RNA gida biyu. Ɗaya ka zuba masa RNase R, sinadarin da ke cinye RNA miƙaƙƙe, yunit 3 ga kowane maikirogiram, a digiri 37 na minti 15 zuwa 20. Ɗayan ka yi masa komai ban da sinadarin. RNase R daga bakin igiya yake fara ci, zobe kuwa ba shi da baki. In ka wuce lokaci, manyan zobba ma lalacewa suke yi. GAPDH, wanda RNA ɗinsa miƙaƙƙe ne, shi ne shaidarka: dole ya faɗi warwas a gidan farko.

Wajen juya RNA zuwa cDNA, wato kwafinsa na DNA, yi amfani da firama (guntun DNA da ake fara kwafi daga kansa) mai haruffa shida na barkatai. Nau'in firama na Oligo-dT jela yake nema, ba zai ga zobe ba. A PCR kuma, wato hanyar ninka DNA, firamomi biyu su juya wa juna baya, ta yadda ba za su haɗu ba sai ta kan mahaɗa. Gwada su a kan DNA zalla, kada layi ya fito. Ko layi ya fito da kyau a jel, a aika a karanta jerinsa ta hanyar Sanger, domin sinadarin juyin yakan yi tsalle daga wannan igiya zuwa waccan ya ƙirƙiri mahaɗar ƙarya. Wani lokaci kuma yakan zagaya zoben sau biyu ko uku, sai ka ga layuka kamar tsani, ƙididdigar qPCR ta kumbura.

Yanzu furotin, inda aikin yake. Ka tsayar da ribosom da saiklohekzimaid, maikirogiram 100 a kowace mililita, ka juya ruwan ƙwayoyin a kan sukuros mai kauri daga kashi 10 zuwa 50 cikin ɗari, ka duba ko zoben ya nutse tare da tarin ribosom. Nutsewa kaɗai ba hujja ba ce, don wasu furotin na iya manne masa su ƙara masa nauyi. Ka maimaita da EDTA ko furomaisin, masu wargaza tarin ribosom. In ya taso sama, ribosom ne ke riƙe da shi. In bai motsa ba, ka sake tunani.

Sai ka gina filasmid, wato zoben DNA da ake saka wa ƙwaya don ta ƙera RNA ɗin, ka raba alamar FLAG, wadda ake gane furotin da ita, biyu, rabi kafin mahaɗa rabi bayanta, yadda ba za ta cika ba sai zobe ya rufe. A nan da yawa suke yaudarar kansu: filasmid yakan fitar da dogayen igiyoyi masu maimaita kansu, su ma su ba da furotin iri ɗaya. Saboda haka ka yi kwafi biyu na gwaji, ɗaya ka lalata ATG, wato alamar fara karatu, ɗaya ka lalata wurin haɗi. Duka biyun kada su ba da komai. Ka ƙirga haruffan zoben kuma: in suna rabuwa da 3 kuma babu alamar tsayawa, ribosom zai yi ta kewaye, furotin ya fito dogo fiye da lissafinka.

Hujja mafi ƙarfi ita ce na'urar awon nauyin ƙwayoyin sinadari ta kamo guntun furotin da ya ratsa mahaɗa, daga tsokar da ba a saka mata filasmid ba. Daga nan ka kashe zoben da siRNA, guntun RNA mai sa a lalata abin da ya dace da shi, da aka auna kan mahaɗa, ka tabbatar RNA miƙaƙƙe bai ragu ba. In yaɗuwar ƙwayoyin ta canza, ka mayar musu da furotin ɗin shi kaɗai. In suka koma yadda suke, furotin ne ke aikin. In ba su koma ba, wataƙila zoben tsotse ƙananan RNA yake yi, kamar zoben CDR1as mai gurbin ƙaramin RNA miR-7 sama da 70, kuma wannan wani gwaji ne daban.